Kafin Ka Tura Wannan Zanen Farashi A WhatsApp, Tsaya Mu Yi Lissafi

Akwai wani irin hoto da ba ya ƙarewa a Facebook da X da gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp. Zanen layi ne yana hawa sama, an ja wata jar kibiya a kan wata rana, an rubuta a ƙasa cewa daga nan ne komai ya lalace. Kafin ka gama kallonsa sai ga wani ya shigo, shi kuma layin nasa ya rikito ƙasa, an ja koriyar kibiya, an rubuta cewa gyara ya fara haifar da ɗa mai ido. Sai a kaure da musu har dare, wannan ya ce wancan ɗan maula ne, wancan ya ce wannan ɗan hassada ne.

Abin mamaki, sau da yawa dukkansu alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, suka ɗauko, babu wanda ya ƙirƙiri lamba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kibiyar. Duk wanda ya ja kibiya a kan wata rana, da'awa yake yi cewa abin da ya faru a ranar shi ya karkatar da layin. Wannan da'awar kuwa ana iya gwada ta. Akwai fanni guda a ilimin ƙididdiga da aikinsa ke nan, akwai kuma manhajojin kwamfuta da ke yin lissafin, wasunsu ma kyauta ne. Zaɓen 2027 na tafe, irin waɗannan zane-zane za su yi mana ruwa, don haka gara mu san yadda ake tuhumarsu tun yanzu.

Tambayar da zanen ba ya amsawa

Idan aka jera alƙaluman abu ɗaya wata bayan wata, ko rana bayan rana, kamar farashin buhun masara, ko canjin dala, ko yawan masu zuwa asibiti, an samu abin da za mu kira jerin alƙaluman lokaci. Mu ɗauki wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato hauhawar farashin kaya.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin man fetur ya tafi. Cikin kwana biyu kamfanin NNPC ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. A watan Mayun nan, NBS ta ce hauhawar farashi tana kan kashi 22.41 cikin ɗari. Bayan shekara guda, a Mayun 2024, ta kai kashi 33.95. Mai jar kibiya zai ɗebe wannan daga wancan, ya samu maki 11.5, ya ce ga abin da cire tallafi ya jawo, ya rufe littafi.

To amma ɗan koma baya kaɗan. A Mayun 2022 hauhawar tana kan kashi 17.71. Ke nan a shekarar da ta gabaci cire tallafin, ana biyan tallafin ma, ta riga ta ƙaru da maki 4.7. Yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin alkama da taki da man gas, ambaliyar 2022 ta cinye gonaki, rashin tsaro ya hana manoma da yawa shiga daji, ga kuma dambarwar canjin takardun kuɗi a farkon 2023. Motar tana kan hawa tun kafin a taka mata totur.

Saboda haka tambayar gaskiya ita ce: da ba a cire tallafin ba, ina layin zai kasance? Idan muka yi lissafin kan gwiwa, muka ɗauka hawan zai ci gaba da irin gudun da yake yi, a Mayun 2024 za a samu kusan kashi 27. Tazarar da ke tsakanin 27 da 33.95 ta kusa maki 7. Wannan lissafi ne na gaggawa, kada ka ɗauke shi ka kai wani wuri a matsayin bincike. Amma ka ga yadda 11.5 ta koma kusan 7 don kawai mun yi tambayar da ta dace. Maki 7 ɗin ma ba wasa ba ne, duk wanda ya shiga kasuwa a 2024 ya ji a jikinsa. Sai dai tsakanin lambobin biyu akwai bambanci, kuma a kan irin wannan bambancin ake gina hukunci game da manufofin gwamnati.

Abin da manhajar take yi a zahiri

Wannan layin na "da ba a yi ba" shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganinsa, domin bai faru ba. Ƙiyasta shi ake yi, kuma nan ne manhaja take shigowa.

A 1975 wasu masana ƙididdiga biyu, George Box da George Tiao, suka wallafa hanyar da har yau ake bi. Sun yi amfani da alƙaluman gurɓatar iska na wata-wata a birnin Los Angeles na Amurka, daga 1955 zuwa 1972, don su gano ko dokokin da aka kafa kan man fetur da injinan motoci sun rage hayaƙin. Dabararsu ita ce a fara koya wa lissafi halin jerin alƙaluman kafin abin ya faru: ina ya dosa, wane wata yake hawa, wane wata yake sauka, kuma nawa ne na watan jiya yake bin na wannan watan. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin farashin yau ɗan farashin jiya ne, ba daga sama yake faɗowa ba. Irin wannan lissafin shi ake kira ARIMA, sunan da ɗaliban tattalin arziki suke ji har a mafarki.

Daga nan sai a ƙara wani layi na tsaye a jadawalin, mai sauƙi ƙwarai: kowane wata kafin abin ya faru a rubuta 0, kowane wata bayansa a rubuta 1. Sai a ce wa manhajar ta auna nauyin wannan 1 ɗin bayan ta ɗebe duk abin da jerin ya saba yi da kansa.

Amma kai ne za ka gaya mata siffar tasirin da kake zato. Wani abin kamar tartsatsi yake, ya tashi ya mutu, misali cinikin raguna a makon Babbar Sallah. Wani kamar matakalar bene yake, an hau an zauna, misali farashin lita a gidan mai. Wani kuma kamar ruwa yake a ƙasa mai yashi, a hankali yake ratsawa. Cire tallafi a kan farashin abinci irin na ukun ne. Direban tirela ya ƙara kuɗin dako, dillali ya ƙara nasa, mai shago ya jira tsohon kaya ya ƙare kafin ya ɗora. Dubi alƙaluman ka gani: a Yunin 2023 hauhawar ta motsa ne kawai daga 22.41 zuwa 22.79, har mutane suka yi ta cewa NBS ta yi coge. Hukumar ta yi bayani cewa tana rufe tattara farashin wata ne a wajen tsakiyarsa, don haka tasirin bai gama shiga ba. A Yuli ta kai 24.08, a Agusta 25.80, a Disamba 28.92. Wanda ya auna wata ɗaya kawai zai ce babu abin da ya faru.

Lokacin da abubuwa suka zo a tare

Ga inda ko manhajar da ta fi kowace tsada take ɗaga hannu. Kwana 16 bayan jawabin Tinubu, ranar 14 ga Yuni, 2023, Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake sayarwa kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 700 kafin watan ya ƙare, ta kuma wuce 1,400 a farkon 2024. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar da dabbobi da wake da albasa da sauran kaya suke ratsawa, ba a buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai a Maris na 2024.

Manyan abubuwa uku ke nan a cikin wata biyu, alƙaluman NBS kuma wata-wata suke fitowa. Layin 0 da 1 na cire tallafi da na sakin naira kusan tagwaye ne, ba su bambanta da komai ba sai wata ɗaya ko ma babu. Manhajar za ta iya gaya maka cewa wani abu ya faru a tsakiyar 2023 kuma ga girmansa. Raba shi gida uku, a ce wannan na fetur, wannan na dala, wannan na iyaka, ba za ta iya da wannan jerin kaɗai ba. Box da Tiao ma sun ci karo da irin haka: a farkon 1960 an buɗe wata babbar hanya da ta janye motoci daga tsakiyar birnin, a daidai lokacin da wata doka kan sinadaran man fetur ta fara aiki. Ba su yi ƙarfin hali ba, sai suka haɗa su suka auna a matsayin abu ɗaya.

Mai son rabawa dole ya nemo ƙarin bayanai. Zai duba kuɗin sufuri daban, kayan da ake shigowa da su daga waje daban, abincin da ake nomawa a gida daban, ya ga wanne ya fara motsi. Zai kwatanta jihohin kan iyaka irin su Katsina da Sakkwato da Jigawa da waɗanda ke nesa da ita. Aiki ne mai cin lokaci. Don haka idan ka ga wani ya rubuta maka da cikakken tabbaci cewa kaza cikin ɗari na tsadar rayuwa daga fetur ne kaɗai, tambaye shi yadda ya raba tagwayen.

Akwai wata hanya da kamfanin Google ya fitar, manhajar CausalImpact, wadda aka gina tun farko don auna tasirin talla a intanet. Ita takan nemi wani jerin alƙaluma da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da naka amma abin bai shafe shi ba, ta yi amfani da shi wajen zana layin "da ba a yi ba". Da jin haka za ka ce ai sai mu ɗauko maƙwabta. Tsaya tukuna. Shekara da shekaru fetur ɗin Najeriya mai tallafi yana tsallaka iyaka zuwa Benin da Nijar da Kamaru, ana sayar da shi a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Da aka cire tallafin, su ma farashin ya tashi musu. Wanda ruwa ya daka tare da kai ba zai zama ma'aunin bushewa ba.

Kaka, bazara da azumi

Duk wanda ya san kasuwar Dawanau ya san hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada idan damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa. Idan gwamnati ta sanar da wani shiri a watan Satumba, farashin gero ya sauka a Nuwamba, mai koriyar kibiya zai yi ta murna, alhali faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Zakara yakan yi cara kafin gari ya waye, amma ba shi ke fito da rana ba. Manhaja tana iya ɗebe wannan zagayowar shekara idan ka ba ta alƙaluman shekaru da dama.

Sai dai akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Yawancin manhajojin nan sun ɗauka cewa abin da ya faru a Maris ɗin bara zai sake faruwa a Maris ɗin bana. Azumi kuwa ba ya bin wannan tsarin, kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11. A 2023 an fara shi ranar 23 ga Maris, a 2024 ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris. Farashin sukari da ƙwai da kayan marmari yana bin azumin ne, ba ruwansa da kalandar Bature. Idan ba ka saka masa nasa layin na 0 da 1 ba, manhajar za ta jingina tashin farashin ga duk abin da ka nuna mata. Ba ta san Kano ba, kai ne ka sani.

Ranar da aka canza mudu

Yanzu mu juya ga mai koriyar kibiya. A Disambar 2024 hauhawar farashi tana kan kashi 34.80. A Janairun 2025 sai ga ta a kashi 24.48. Maki 10 a wata guda! Ta ɓangaren abinci ma abin ya fi haka, daga 39.84 zuwa 26.08. Ka tuna wani abu da ya faru a kasuwar unguwarku a wannan watan da ya kai haka? Babu.

Abin da ya faru shi ne NBS ta sabunta ma'auninta. Ta mayar da shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta ƙara yawan kayan da take bibiya daga 740 zuwa 934, ta kuma rage nauyin abinci a cikin kwandon daga kusan kashi 52 zuwa kusan kashi 40. Sabunta ma'auni ba laifi ba ne, ya ma daɗe da kamata, domin a 2009 wa yake sayen data kamar yadda muke saya yau? Amma lambar Disamba da ta Janairu ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Wanda ya haɗa su a layi ɗaya ya ja kibiya, kamar wanda ya auna shinkafa da babban mudu jiya, ya auna da ƙarami yau, ya fito yana shelar cewa shinkafa ta yi auki.

Abin tsoron shi ne idan ka zuba waɗannan alƙaluman a manhaja ba tare da ka san wannan labarin ba, ka sa 1 daga Janairun 2025, za ta ba ka sakamako mai kyau, da tabbaci mai ƙarfi, cewa wani gagarumin abu ya saukar da hauhawar farashi. Ba ta yi ƙarya ba, abin da ka ba ta ta lissafa. Saukar da aka ci gaba da gani a mafi yawan watannin 2025 magana ce daban, tunda ita da sabon mudun aka auna ta daga farko har ƙarshe, ana iya tattauna dalilanta.

Kuma kada ka manta, saukar hauhawar farashi ba saukar farashi ba ce. Kayan naira 1,000 da ya hau da kashi 35 ya zama 1,350. Idan shekara ta zagayo ya hau da kashi 24, ya zama 1,674. Lambar da ke labarai ta sauka, kuɗin cefanen Hajiya bai sauka ba. Shi ya sa idan ana cewa an samu sauƙi, iyayenmu suke kallonmu kamar ba ƙasa ɗaya muke ba. Su da NBS ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Gwada da hannunka

Ba sai kana karanta ƙididdiga ba. NBS tana saka rahoton farashi na kowane wata a shafinta tare da jadawalin Excel, Babban Banki ma yana da na canjin kuɗi. R kyauta ce, gretl kyauta ce kuma da danne-danne kawai ake aiki da ita, Python ma kyauta ce, kana iya sarrafa ta a Google Colab ba tare da ka girka komai a kwamfutarka ba. Stata da EViews na kuɗi ne, amma idan sashenku yana da su, ka roƙi abokinka ɗan tattalin arziki ya zauna da kai awa ɗaya.

Idan ka zauna, fara da zana layin kawai ka kalle shi, shekara biyar ko fiye kafin ranar da kake zargi. Karanta bayanin da ke tare da alƙaluman ka ga ko an taɓa canza mudu. Rubuta duk wani babban abu da ya faru kusa da ranar. Idan sakamako ya fito, kada ka tsaya a kan lamba ɗaya, dubi tazarar da manhajar ta bayar daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Idan sifili yana cikin tazarar nan, ma'anarsa alƙaluman ba su iya rantse maka cewa an samu wani tasiri ba.

Sannan ka yi gwajin ranar bogi. Zaɓi wani wata da ka san babu abin da ya faru, ka sa masa 1, ka sake lissafin. Idan nan ma manhajar ta ce ta ga gagarumin tasiri, to lissafinka ne yake da matsala, duk inda ka nuna masa zai ce ya ga aljani.

Mu da muke koyon aikin jarida wannan ya fi hawa kanmu, domin mu ne za mu riƙa rubuta kanun labarai irin su "hauhawar farashi ta faɗi warwas". Amma yau duk mai waya ɗan jarida ne, mabiya ɗari biyar ma jama'a ce. Ko ba za ka taɓa buɗe R ba, kana iya yi wa duk zanen da ya shigo wayarka tambaya huɗu. Ina layin ya dosa kafin kibiyar? Me kuma ya faru a daidai lokacin? Da mudu ɗaya aka auna farko da ƙarshe? Wane lokaci ne na shekara?

Ka yi wa zanen 'yan adawa waɗannan tambayoyin, ka yi wa na masu mulki, musamman ma wanda ya yi daidai da abin da zuciyarka take so, domin shi ne ya fi saurin wucewa ba a bincika ba. Idan mai zanen ya amsa, ka tura da hannu bibbiyu. Idan ya fara zagi, ka san inda aka kwana.